Fitilar Gargaɗi Ta Ƙi Mutuwa: Yaushe Ne Laifin Kafasita, Yaushe Ne Laifin Inji?

Idan fitilar gargaɗi ta kama a gaban mota ta ƙi mutuwa, ko ta riƙa ƙyaftawa, alhali direba bai ji wani sauyi a tafiyar motar ba, wa ya kamata a gaskata, fitilar ko kunnen direba? A gareji akan sami amsa iri biyu. Bakanike zai ce sansa ce ta lalace, mai wayarin kuma ya ce mita ce, wato allon allurai da fitilun da ke gaban direba, wata 'yar kafasita ce ta mutu a cikinta. Akwai kuma amsa ta uku wadda ta fi kowace arha da haɗari, wato a cire ƙwan fitilar kowa ya huta. Maganar ta ƙara yawa ne tun daga 2023, lokacin da faɗuwar darajar naira ta sa motocin Kwatano suka yi tsada, mutane suka koma lallaɓa motocin da suka shekara ashirin ko talatin a kan hanya, waɗanda kayan lantarkinsu sun kai shekarun gajiya. Zancen kafasita yana da tushe, domin kuwa tana lalacewa kuma tana sa fitila ta yi ƙarya. Sai dai ana ɗora mata laifi fiye da yadda take aikata shi, kuma duk wanda ya fara zarginta kafin ya auna injin yana caca ne da motarsa.

Mece ce kafasita, me take yi a bayan mita?

Kafasita ƙaramar ma'ajiyar wutar lantarki ce wadda ke cika nan take, ta kuma juye nan take. Misalinta kamar randa ce da aka ajiye a ƙarƙashin famfon da ruwansa ke zuwa yana yankewa: mai ɗiba daga randar yana samun ruwa daidai wa daida ko da famfon ya yi tari. Ana auna girmanta da maikirofarad, wanda ake rubutawa µF a jikinta, kuma kusa da wannan akan rubuta iyakar ƙarfin wutar da za ta iya ɗauka, kamar volt 16, 25 ko 35, da iyakar zafin da aka gina ta a kai, yawanci digiri 85 ko 105.

Aikinta na farko a mitar mota shi ne tace wuta. Batir mai lafiya yana nuna kusan volt 12.6 idan inji a kashe yake, ya hau tsakanin 13.5 da 14.7 idan altaneta tana caji, ya kuma faɗo zuwa wajen volt 10 a daidai lokacin da sitata ke juya inji. 'Yar ƙwaƙwalwar da ke cikin mitocin zamani ba ta jure wannan hawa da sauka, galibi volt 5 take so tsayayye, don haka akwai sashen da ke rage mata wutar, kafasitoci kuma suna gabansa da bayansa suna cike giɓi. Aiki na biyu shi ne ƙidayar lokaci. Idan aka haɗa kafasita da resista, wato abin da ke takaita gudun wuta, cikar kafasitar takan ɗauki wani lokaci sananne, wanda ake samu ta hanyar ninka girman ɗayan da na ɗayan. Resista mai om 100,000 da kafasita mai maikirofarad 47 suna ba da kusan daƙiƙa 4.7. Da wannan dabara tsofaffin motoci ke sa fitilar bel ta kama na 'yan daƙiƙu ta mutu, da ita kuma ake hana fitilar ruwan lagireto kamawa duk sa'ad da ruwan ya yi tangaɗi a kwana ko a gargada. Aiki na uku shi ne kashe hayaniyar wuta da ke fitowa daga kwayil da altaneta. Na huɗu kuwa yana cikin akwatin da ke kula da jakar iska, inda wata babbar kafasita ke riƙe wutar da za ta isa a harba jakar ko da haɗari ya tsinke wayar batir.

Fitilun da ba ruwansu da kafasita

A nan ne rashin fahimtar ya fi yawa. A tsofaffin motoci, fitilu biyu mafi muhimmanci ba su da kafasita a hanyarsu ko ɗaya. Fitilar baƙin mai ba komai ba ce illa ƙwan fitila da waya da wani ɗan makunni a jikin inji. Idan ƙarfin turin man ya yi ƙasa ƙwarai, makunnin ya haɗa wayar da jikin inji, fitila ta kama. Abubuwan da za su sa ta kama ba su wuce uku ba: ko dai da gaske man ba ya hawa, ko makunnin ya lalace, ko wayar ta goge tana taɓa ƙarfe. Fitilar caji kuma tana zaune ne tsakanin wutar makulli da wata ƙafa a jikin altaneta. Kafin inji ya tashi ɓangare ɗaya ne ke da wuta, sai ta kama. Da zarar altaneta ta fara caji ɓangarorin biyu sun daidaita, sai ta mutu. A altanetoci da yawa na da, 'yar wutar da ke ratsa wannan ƙwan ita ce ke fara tayar da cajin, shi ya sa wanda ya cire ƙwan, ko ya musanya shi da fitilar LED mai cin wuta kaɗan, yakan wayi gari batirinsa ba ya cika sai an taka mota da ƙarfi.

A sababbin motoci lamarin ya sauya salo. Sansa tana aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwar inji, wadda makanikai ke kira birenbos, ita kuma ta umarci mita ta kunna fitila. Tun 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, wanda ke ba na'urar bincike damar karanta matsalolin da ƙwaƙwalwar inji ta ajiye, a ƙananan motocin da ake sayarwa a ƙasarta, Tarayyar Turai ta bi sahu da irin nata a motocin fetur daga 2001. Amfanin wannan ga mai bincike babba ne. Idan fitilar cek injin ta kama bisa umarnin ƙwaƙwalwa, na'urar bincike za ta nuna lambar matsalar da aka ajiye. Idan kuwa fitilu suna kamawa suna mutuwa, allurai suna faɗuwa, amma ƙwaƙwalwar inji ba ta ajiye komai ba, ko kuma sauran akwatunan kwamfuta na motar suna ƙorafin cewa sun daina jin mita, to hankali ya fara karkata ga mitar kanta da wutar da ke shigarta.

Abin da ke kashe ta

Kafasitar da ta fi mutuwa ita ce mai siffar ɗan gwangwani, wadda a cikinta akwai siraran fallayen alminiyom da takarda jiƙaƙƙiya da wani ruwan sinadari, an toshe bakinta da roba. Wannan ruwan shi ne ranta, kuma yana ƙafewa a hankali ko ana amfani da motar ko tana ajiye. Kamfanonin da ke ƙera ta, irin su Nichicon da Rubycon da Panasonic da Nippon Chemi-Con, suna aiki da ƙa'idar cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rayuwarta da rabi. Wadda aka yi wa alkawarin awa 2,000 a digiri 85 za ta kai awa 8,000 a digiri 65, alhali 'yar'uwarta mai awa 2,000 a digiri 105 za ta kai awa 32,000 a wannan zafin. Duk kuma yadda lissafin ya yi kyau, masu ƙerawa ba sa yarda a dogara da shi fiye da shekara 15, saboda robar bakin ma tana tsufa. To, a ɗauki motar da aka ƙera a 1998, ta yi rabin rayuwarta a sanyin Jamus ko Beljiyam, sannan ta ƙarasa sauran a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, saman dashbod ɗin motar da aka bari a rana kuma ya zarce 70. Kafasitocin irin wannan mota sun cinye wa'adinsu tuntuni.

Bayan zafi sai ɗabi'un gareji. Har yanzu akwai masu gwada altaneta ta hanyar cire kan batir inji yana aiki, suna cewa idan motar ba ta mutu ba to caji yana nan. Haka nan akwai masu tayar da mota da batirin aro sannan su zare shi inji na tafiya su mayar da nata. Batir shi ne ke shanye tsallen wutar altaneta. Idan aka raba su bagatatan, wutar takan yi tsalle na ɗan lokaci zuwa volt masu yawa, har ƙa'idojin gwajin kayan mota na duniya suna kwatanta wannan tsallen da kusan volt 100 a altanetar da ba ta da kariya a ciki. Kafasita mai volt 25 ba a yi ta don wannan ba, balle 'yar ƙwaƙwalwar da take karewa. A ganina wannan gwajin ya kashe mitoci da birenbos fiye da yadda masu yin sa ke tsammani, domin ɓarnar ba lallai ta bayyana a ranar ba.

Mutuwar tata iri-iri ce, kuma kowace da alamarta. Idan ta bushe, girmanta yana raguwa, turjiyar cikinta da ake kira ESR tana ƙaruwa, sai ta kasa tace wuta. Idan ta fara yoyon wuta ta ciki, ba ta cika yadda ya kamata, sai lissafin lokaci ya rikice. Idan kuma ruwan ya tsiyayo waje, yakan cinye siraran hanyoyin tagulla da ke kan fanel, wato allon da ake dasa kayan lantarkin a kansa, kuma wannan ne mafi muni domin canza kafasita kaɗai ba ya gyara shi. Ƙananan kafasitoci na tangaram ba su da ruwa, amma jijjiga da lanƙwasar fanel suna tsaga su, su haɗe wuta.

Misalai biyu da aka sani

Motocin Volkswagen na shekarun 1980, musamman bas ɗin T3 da ya zama danfo a Legas, suna da jar fitila a cikin ma'aunin zafin inji, wadda aka tsara ta ƙyafta na 'yan daƙiƙu idan an murɗa makulli, sannan ta mutu in dai ruwa ya isa kuma inji bai yi zafi ba. Wata 'yar kafasita mai maikirofarad 10 ce ke ƙidaya waɗannan daƙiƙun. Idan ta tsufa ta fara yoyo, ƙyaftawar takan tsawaita, musamman a lokacin laima, har ta kai fitilar ba ta mutuwa sam. Wannan shi ne laifin kafasita tsantsa. Amma ita wannan fitilar dai takan yi irin wannan ƙyaftawar idan ruwa ya ragu da gaske, ko sansar da ke cikin tankin ruwa ta yi datti, ko abin da ke daidaita wutar mitar a volt 10 ya lalace. Alama ɗaya ce, dalilai huɗu, kuma ɗaya daga cikinsu yana ƙona inji.

Misali na biyu shi ne Lexus LS400 ta farkon shekarun 1990, wadda mitarta ta yi suna wajen dishewa ko ɗaukewa da sanyin safiya, sai motar ta ɗumama hasken ya dawo. Dalilin shi ne turjiyar cikin tsohuwar kafasita tana ƙaruwa da sanyi, ta ragu da ɗumi. Wannan alama ce mai amfani ga kowace mota: matsalar mita da ke tsananta da asubahin hunturu ta lafa da hantsi tana nuni ga kafasita, ko kuma ga dalmar da ta tsage. Dole a ambaci dalma, domin a wasu motocin ita ce mai laifin. Mitar Ford Focus ƙarni na biyu ta shahara da tsagewar dalma a ƙafafun soket ɗinta, abin da ke kunna fitilu barkatai har ya hana motar tashi, kafasitocin kuwa lafiyarsu ƙalau.

Yadda ya kamata bincike ya gudana

Matakin farko shi ne a ɗauka fitilar gaskiya take faɗa. Jar fitila tana nufin a tsaya, ruwan ɗorawa tana nufin a bincika ba da daɗewa ba. Idan ta baƙin mai ce, a kashe inji a duba sandar mai, sannan a kwance makunnin a ɗaura ma'aunin turi na hannu a ga abin da famfon mai ke bayarwa da gaske. Inji ba ya ɗaukar dogon lokaci babu turin mai kafin ya yi nokin. Idan ta caji ce, a ɗora maltimita, wato na'urar auna wuta, a kan batir inji yana aiki. Daga nan a juya maltimitar zuwa ma'aunin wutar AC: altanetar da ɗaya daga cikin dayod ɗinta ya mutu tana iya nuna volt 14 amma tana zubo gurɓatacciyar wuta, kuma masu gyara sukan ɗauki abin da ya kai rabin volt a matsayin shaidar matsala. Irin wannan wutar tana rikita mita, tana kuma dafa kafasitocinta, don haka wanda ya canza kafasita ya bar altanetar zai dawo gareji.

Bayan wannan sai fiyus, da soket, da wayar at da ke haɗa mita da jikin mota. At mai tsatsa tana sa wuta ta nemi hanyar komawa ta cikin wasu ƙwayayen, shi ya sa za a ga direba ya kunna sigina sai wata fitilar dabam ta riƙa haske a dishe. Yawancin abin da ake kira mutuwar mita a nan yake ƙarewa.

Sai duk waɗannan sun wanke kansu ne ake cire batir a kwance mita. Akwai kashedi a nan: kafasitar jakar iska tana riƙe wuta bayan an cire batir, shi ya sa Toyota ke umartar a jira aƙalla daƙiƙa 90, Honda kuma minti 3, kafin a taɓa wayoyin da ke kusa, kuma wayoyi masu soket ruwan ɗorawa ba a sa musu maltimita. Idan an buɗe, ido ne ke fara aiki: kan gwangwani da ya kumbura, robar ƙasa da ta turo, danshi ko baƙin tabo a gindi, koren tsatsa a kan tagulla. Waɗanda suka yi yoyo sukan yi ƙarni kamar na kifi idan ƙarfen dalma ya taɓa wurin. Amma kafasita takan mutu murus alhali fuskarta sumul, don haka ido ba ya wanke ta. Maltimita mai auna maikirofarad tana taimakawa idan an ɗaga ƙafa ɗaya daga fanel, tare da tuna cewa irin waɗannan kafasitocin an yarda su saɓa da kashi 20 cikin ɗari sama ko ƙasa tun suna sababbi. Matsalar ita ce tana iya nuna girma daidai alhali turjiyar ciki ta yi yawa, kuma abin da ke gano wannan shi ne ma'aunin ESR, wanda galibi ba ya buƙatar a cire ta. Masu gyaran talabijin da rediyo sun fi masu wayarin sanin wannan na'ura, kuma babu aibu mai wayarin ya kwance mita ya miƙa ta ga wanda hannunsa ya saba da fanel. Wanda ba shi da ma'aunin yana iya ɗumama fanel ɗin kaɗan da na'urar busar da gashi ya ga ko matsalar za ta gushe, amma wannan nuni ne kawai, tunda tsagaggiyar dalma ma tana amsa ɗumi.

A gyara, a musanya, ko a cire ƙwai?

Masu cewa a musanya mitar gaba ɗaya da ta Kwatano suna da hujja: aikin ya fi sauri, kuma ba kowa ne ya iya dalma a kan siririn fanel ba tare da ya ɗaye tagullar ba. Raunin hujjar shi ne mitar da za a sayo sa'ar wadda aka cire ce, kafasitocinta ma sun tsufa. Ƙari a kan haka, a motoci da yawa adadin kilomita a cikin mita yake, a wasu kuma, kamar Golf 4 na shekarun baya-baya, tsarin gane makulli yana cikinta, ta yadda sabuwar mita ba za ta bar inji ya ci gaba da aiki ba sai an daidaita ta da kwamfuta, wanda kuɗi ne na dabam. Masu cewa a gyara kuma suna kallon arhar kayan, domin kuɗin kafasita bai taka kara ya karya ba, ladan gwani ne abin biya. Ni dai ina tare da su muddin ruwan bai cinye fanel ɗin ba.

Gyaran yana da sharuɗɗa. Girman maikirofarad ya zama daidai da na asali, musamman inda kafasitar ke ƙidayar lokaci, domin ninka girmanta ninka jinkirin fitilar ne, kuma jinkirin gargaɗi ba alheri ba ne. Volt ya zama daidai ko sama da na asali, zafi kuma a nemi mai digiri 105. A kula da ƙafafu: a mai gwangwani zanen da ke gefe yana nuna negetif, amma a ƙaramar kafasitar tantalam zanen fozitif yake nunawa, kuma wadda aka juya takan fashe. Idan ɗaya ta mutu da tsufa, sauran irinta da ke kan fanel ɗin a canza su tare. A wanke inda ruwan ya zuba da sifirit mai tsabta, a bi kowace hanyar tagulla da maltimita, wadda ta yanke a haɗa ta da siririyar waya. Jabu ya cika kasuwa, har da masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, don haka sabuwar ma a auna ta kafin a ɗaura.

Cire ƙwai kuwa, ko liƙe shi da baƙin salatif, ko haɗa wayarsa da ta wata fitilar don su riƙa mutuwa tare, ɓoye matsala ne, kuma wanda ya fi cutuwa shi ne mai sayen motar a gaba. Wanda zai sayi mota ta hannu yana da gwajin da ba ya cin ko kwabo: ya murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa ba tare da ya tayar da inji ba. Fitilar baƙin mai, da ta caji, da ta cek injin, da ta birkin ABS, da ta jakar iska, duk ya kamata su kama. Ta ABS da ta jakar iska sukan mutu da kansu bayan 'yan daƙiƙu, ta mai da ta caji kuma sai inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, ko wadda ke mutuwa daidai da wata fitilar da ba su da alaƙa, sai a nemi a buɗe bayan mitar kafin a biya kuɗi.